Yadda Ake Dasa Mudan, Sarkin Furannin Ƙasar Sin, da Yadda Ake Renonsa

Idan watan Afrilu ya kama, birnin Luoyang da ke lardin Henan na ƙasar Sin kan cika ya batse da baƙi, kuma fure ɗaya ne ke kawo su. Sinawa na kiransa mudan, suna yi masa kirari da sarkin furanni. Japanawa na ce masa botan, Turawa kuwa fiyoni mai itace. Tun 1983 birnin ke shirya masa biki duk shekara, amma shahararsa ta girmi bikin nesa ba kusa ba. A zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, ya riga ya zama abin alfahari a lambunan fada da gidajen masu hali. Wajen 1034 malamin nan Ouyang Xiu ya rubuta ɗan littafi kan ire-irensa da ke Luoyang, kuma biyu daga cikin waɗanda ya ambata, Yao Huang mai ruwan ɗorawa da Wei Zi mai shunayya, har yau ana sayar da itatuwa masu waɗannan sunaye. A ƙarshen ƙarni na 18 ne Joseph Banks ya sa aka kawo shi lambun Kew da ke Landan.

Gara in faɗi wata magana tun da wuri, kada wani ya yi asarar kuɗinsa. Mudan ɗan ƙasar sanyi ne. Idan bai kwana cikin sanyi mai tsanani na makonni da dama ba, irin wanda ma'auni ke sauka ƙasa da digiri 7 dare da rana, idanunsa ba sa buɗewa yadda ya kamata, fure kuwa sai dai a ji a salansa. Yana iya jure sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, amma ba ya jure rashinsa. Hunturun Kano ko Damagaram bai isa ba, ko na Jos ma bai kai ba. A cikin ƙasar Sin kanta haka abin yake: mudan da ake gani a kasuwannin Guangzhou gab da bikin sabuwar shekara, daga arewa ake sauko da shi, musamman daga Heze ta lardin Shandong, a tilasta masa fure na ɗan lokaci, amma ba ya zama ɗan gari a can. Don haka wannan jagora ta wanda Allah ya kai ƙasar da ake dusar ƙanƙara ce, ko Ingila ko Jamus ko Kanada ko arewacin Amurka ko arewacin Sin, ya kuma samu 'yar fili a bayan gida. Watannin da zan ambata na waɗannan ƙasashe ne.

Sai a san abin da za a saya, domin fiyoni iri biyu ne manya kuma ana yawan rikita su. Akwai mai laushin kara, wanda Sinawa ke kira shaoyao. Shi idan kaka ta yi yakan bushe har ƙasa, ya sake tsirowa daga saiwa a shekara mai zuwa. Mudan kuwa ƙaramin itace ne. Yana zubar da ganye, amma rassansa na nan tsaye duk tsawon sanyi, kuma a jikinsu idanun furen baɗi suke. Tsayinsa yakan kai mita 1 zuwa 2 bayan shekaru masu yawa, faɗin fure ɗaya kuwa santimita 15 zuwa 25. Yana da jinkirin girma ƙwarai, amma idan wuri ya karɓe shi yana iya haura shekara 100. Wanda ya dasa shi yau, da yardar Allah jikokinsa ma za su ga furensa, kuma wannan kaɗai ya isa a natsu a ranar dashe. A ganina kusan duk abin da zai faru da itacen nan a rayuwarsa, a wannan rana ake yanke shi.

Yawancin dashen da ake sayarwa a Turai da Amurka ɗan aure ne, kuma da yawa daga Japan ake kawo shi, inda tsibirin Daikonshima na lardin Shimane ya yi suna wajen wannan sana'a. Idan ka buɗe ƙunshin, za ka ga ɗan kara launin toka wanda bai wuce tsawon tafin hannu ko biyu ba, da idanu biyu ko uku jajaye a jikinsa, an dasa shi a kan wata saiwa mai kauri kamar rogo. Saiwar nan ba tasa ba ce, ta shaoyao ce aka ara masa. Bi karan da yatsa zuwa ƙasa, za ka ji inda ya ɗan kumbura, wani lokaci da ragowar zare ko leda a wurin. Nan ne mahaɗar auren, kuma ka riƙe ta a ranka don za mu dawo kanta. Dashen Sinawa kuwa sau da yawa rabo ne daga tsohon gindi: rassa uku ko huɗu, da saiwoyi dogaye sirara masu yawa, duka nasa. Ko wanne ka samu, ka matsa saiwar ka ji tana da tauri, babu laushi, babu warin ruɓa, idanun kuma a cike suke ba su yamushe ba.

Game da iri, ga mai farawa ina fifita na Japan, irin su Renkaku fari ko Hanakisoi mai ruwan hoda, saboda furensu ba shi da nauyi sosai, yana tsayawa a kan reshe yana fuskantar mai kallo. Wasu tsofaffin ire-iren Sin da na Faransa furensu ya cika nauyi da yawan ganye, har yakan sunkuya ya ɓuya. Wanda ke wuri mai tsananin sanyi ya nemi dangin rockii, 'yan asalin yankin Gansu, waɗanda aka sa wa sunan masanin tsirrai Joseph Rock. Ana gane su da baƙin tabo mai shunayya a tsakiyar fure, kuma sun fi sauran juriya. Mai son rawaya ya nemi High Noon, wanda A. P. Saunders ya samar a Amurka.

Lokacin dashe kaka ne, daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, a ƙalla makonni shida kafin ƙasa ta daskare. Dalilin a saiwa yake. Mudan na fitar da ƙananan jijiyoyinsa masu shan ruwa ne a lokacin da iska ta yi sanyi amma ƙasa na da sauran ɗumi. Idan aka dasa shi a Maris, sai ya hau fitar da ganye da abincin da ya tara a jiki alhali bai kama ƙasa ba, zafin Yuli na zuwa ya galabaita. Manoman Sin na da karin magana a kan haka, cewa wanda ya dasa mudan a farkon shekara zai tsufa bai ga furensa ba. Akwai ƙari a maganar, amma akwai gaskiya. Masu shago sun fi baje shi a Afrilu da Mayu saboda a lokacin ne yake ɗauke da fure mai jan ido. Idan ka saya a tukunya a wannan lokaci, ka ajiye shi a inuwa mai haske, kana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, sai kaka ka sa shi a ƙasa.

Wuri kuma a zaɓe shi sau ɗaya, don itacen nan ba ya son a riƙa tayar da shi. Idan aka cire babba aka sauya masa wuri yakan yi shekara biyu ko uku yana jinya. Yana son rana ta awa biyar zuwa shida. Inda zafi ke tsananta, a nema masa inda inuwa za ta rufe shi bayan azahar, domin rana mai ƙuna na ƙone furen cikin kwana biyu. A Ingila kuwa matsalar dabam ce: itacen na farkawa da wuri, tun Fabrairu ko Maris, sai raɓa ta daskare a kan sabon toho da dare, hantsi ya buge shi kafin ta narke a hankali, tohon ya yi baƙi. Shi ya sa masu lambu a can ke guje wa jikin bangon da ke fuskantar gabas. A nisanta shi da manyan itatuwa masu kwashe ruwa da abinci, a bar tazarar mita 1.2 zuwa 1.5 tsakaninsa da maƙwabcinsa, iska ta riƙa ratsawa. Zai yi maka kamar ɓarnar fili idan ka dubi ɗan karan da ke hannunka, amma bayan shekara goma za ka gode wa kanka.

Babban maƙiyinsa ruwa mai kwanciya ne. Saiwarsa mai tsoka ce, idan ta jiƙu kwana da kwanaki ruɓewa take yi, kuma kafin a ga alama a ganye aikin gama ya gama. Kafin ka dasa, haƙa rami, ka cika shi da ruwa, ka dawo bayan 'yan awoyi. Idan har ruwan na nan, wurin bai dace ba sai an gyara. A ƙasar laka, a tara tudu mai tsayin santimita 20 zuwa 30, a gauraya ƙasar da tsakuwa ƙanana da ruɓaɓɓen ganye, a dasa a kansa. Ba ya son ƙasa mai tsami. Inda take da tsami a barbaɗa farar ƙasa ko 'yar tokar itace.

Ramin dashe ya kai santimita 50 zuwa 60 a faɗi da zurfi. Ƙasar da ka fitar ka cuɗa ta da taki wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ya daina wari, da dintsi ɗaya ko biyu na garin ƙashi in akwai. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji kada ya kusanci saiwa. Ka jiƙa dashen a bokiti na awa ɗaya ko biyu idan ya zo a bushe, ka tara ƙasa a tsakiyar ramin, ka ɗora shi, ka baje saiwoyin suna kallon ƙasa ba tare da an lanƙwasa su ba.

Yanzu ga maganar mahaɗa. Duk wanda ya taɓa dasa mangwaro ɗan aure ya san ƙa'ida: mahaɗa a sama take zama, ba a bari ƙasa ta rufe ta. A nan sai a juya ƙa'idar. Mahaɗar mudan ana binne ta ne santimita 10 zuwa 15 a ƙarƙashin ƙasa, ko da hakan zai sa ido ɗaya ko biyu su nutse, abin da ya rage a sama bai fi tsawon yatsa ba. Saiwar aron nan aikinta ta riƙe shi na shekara biyu ko uku ne kawai, kafin karan da aka binne ya fitar da saiwar kansa. Idan aka dasa shi sama-sama, ba zai taɓa yin tasa ba. Zai yi fure shekara uku ko huɗu, mai shi na murna, sannan ya fara ja da baya, ko iska ta karya shi daga mahaɗar, ko saiwar aron ta yi ƙarfi ta fitar da nata tsiro ta danne shi. Da yawa daga cikin mudan da ke mutuwa a lambunan Turai ta nan suke tafiya. Masu shago kan dasa shi sama-sama a tukunya, don haka kada ka bi layin ƙasar tukunyar; nemi mahaɗar da hannunka ka auna daga nan. Dashen da ke kan saiwar kansa ba ya buƙatar wannan zurfi, santimita 3 zuwa 5 ƙasa da inda yake a da ya wadatar.

Ka mayar da ƙasa kana dannawa da hannu don kada a bar kogo, ka ba shi ruwa sosai sau ɗaya, ka kafa ɗan sanda a gefe don kada a taka shi. A sanyin farko ka tara ƙasa ko busasshen ganye a gindinsa, ka janye a Maris.

Daga nan sai haƙuri. A Maris za ka ga idanun sun kumbura, sun tsage, wani toho ja jawur ya leƙo a dunƙule, ya miƙe a hankali, jan na komawa kore daga tsakiya zuwa baki. A shekarar farko ganye kaɗan zai yi, wataƙila ma ya zubar da su da wuri. Kada ka tone shi don ka duba. Aikin a ƙasa ake yinsa. Idan ya ɗauko fure a wannan shekara, ni dai shawarata a cire shi tun yana ƙulli, ko a bar guda a ga launinsa a yanke nan da nan. Yana da ciwo, amma ƙarfin da zai tafi ga furen saiwa ta fi buƙatarsa. Fure na sosai sai shekara ta uku ko ta huɗu.

Ban ruwa a shekara biyun farko sau ɗaya a mako ne idan babu ruwan sama, a zuba a gindi ya ratsa can ƙasa, a bari saman ƙasa ya sha iska kafin a ƙara. Yayyafi kullum a kan ganye cuta yake jawowa. Itacen da ya kafu yana jure fari fiye da yadda ake zato. Taki kuwa manoman Luoyang da Heze sau uku suke sawa: kafin fure, idan toho ya fara motsi; bayan fure da kamar mako biyu; sai kuma a ƙarshen kaka. Na tsakiyar ya fi muhimmanci, domin daga watan Yuni itacen ke fara ƙulla furen baɗi a cikin idanunsa. A guji takin zamani mai yawan sinadarin ganye irin yuriya, wanda zai ba ka ganye shar da rassa masu laushi, fure kuma babu. A barbaɗa takin a kewaye, nesa da kara da kamar tafin hannu biyu.

Wajen aski ne mutane ke yi masa ɓarna ta biyu. Wanda ya saba da shaoyao, ko ya ɗauko mai gyaran lambu da bai san bambanci ba, sai kaka ta yi a datse shi har ƙasa, a tafi da furen shekara biyu ko uku a kwandon shara. Ba a yi wa mudan haka. A jira sai Maris ko farkon Afrilu, idan idanu sun kumbura an ga mai rai da matacce. Za ka lura kan kowane reshen bara ya bushe. Wannan ɗabi'arsa ce, har Sinawa na cewa idan ya yi gaba da taku goma sai ya dawo da takwas. Ka yanke busasshen wurin da almakashi mai kaifi, kaɗan sama da ido mai rai na farko. Ka cire reshen da ya karye da wanda ke gugar ɗan'uwansa. A babban itace a bar manyan rassa biyar zuwa bakwai, a rage ƙananan da suka cunkushe tsakiya. Idan ya tsufa ya yi dogayen ƙafafu babu ganye a ƙasa, a sare tsohon reshe ɗaya kowace shekara, ba duka a lokaci guda ba.

Tsiron da ke fitowa daga gindi sai an duba shi da kyau kafin a taɓa. Idan ganyensa ya yi kama da na sama, marar sheƙi, mai yatsu-yatsu, da ɗan shuɗi-shuɗi a bayansa, to na mudan ne, alama ce binnewar ta yi amfani, a bar shi. Idan kuwa ganyen na sheƙi, kore shar, dogo mai santsin baki, karan kuma mai laushi, na saiwar aro ne. A tone ƙasa a bi shi har inda ya fito a fizge shi daga can, don idan aka yanke a sama biyu za su fito. Daga nan a ƙara tara ƙasa a gindin.

Cutar da ta fi damunsa funfuna ce mai launin toka, wadda ke zuwa idan an yi sanyi da damshi a Afrilu. Za ka ga sabon reshe ya yi laushi rana ɗaya, gindinsa ya yi ruwan ƙasa, ƙullin fure ya bushe bai buɗe ba. A yanke har inda itace ke da lafiya, a goge almakashin da barasar asibiti kafin a taɓa wani reshe, abin da aka yanke kuma a fitar da shi daga lambun. Idan kaka ta yi a tsince duk ganyen da ya zuba, kada a zuba shi cikin takin gida, domin a cikinsa cutar ke kwana. Tururuwa da ke hawa ƙullin fure zaƙi suke lasa, ba sa cutar da komai.

Furen kansa ba ya daɗewa. Itace guda yakan yi mako ɗaya zuwa kwana goma yana fure, tsakanin Afrilu da Mayu gwargwadon wuri, ruwan sama mai ƙarfi kuma na iya kakkaɓe shi a dare ɗaya. Shi ya sa a lambunan Japan za ka ga an kafa wa itatuwan laima. Ba ado ba ne kawai, tana ƙara wa furen kwanaki, kuma laimar gida ma na yin aikin. Wanda ke da fili ya haɗa iri mai saurin fure da mai jinkiri, masu rawaya su ne ke zuwa a ƙarshe, sai kallon ya kai wata guda. Fure na yin yaushi a yanke shi sama da ganye na farko, kada ya ɓata ƙarfi wajen yin iri.

Mai son ya yawaita shi, hanya mafi sauƙi rabo ce. A ƙarshen Satumba a tone gindin da ya shekara biyar ko fiye, mai rassa da yawa a kan saiwar kansa, a ajiye shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu har saiwoyin su yi taushi su daina karyewa, sannan a raba, kowane kashi da rassa biyu ko uku da saiwa isasshiya. Aure ana yinsa ne daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba: a yanko reshen bana mai ido ɗaya ko biyu, a fiƙe gindinsa, a tsaga kan saiwar shaoyao a cusa, a ɗaure tam, a binne cikin yashi mai ɗan damshi har ya kama. Shuka iri kuwa sai mai dogon numfashi. Ana tsinke kwanson a Agusta da zarar ya yi rawaya ya fara tsagewa, a shuka ƙwayar tana ɗanya a zurfin santimita 4 ko 5. Saiwa ce ke fara fita a kaka, ganye ba ya leƙowa sai sanyi ya ratsa ta, idan kuma ƙwayar ta bushe kafin shuka tana iya kwana shekara biyu a ƙasa. Fure sai bayan shekara huɗu ko biyar, wani lokaci fiye, kuma ba lalle ya yi kama da na uwar ba.

Idan dashen da kake so na masu sayarwa na ƙwarai ne, ka yi oda tun Yuli ko Agusta, domin ire-iren da ake rububi kan ƙare kafin Satumba, ka kuma haƙa raminka ka gyara ƙasar mako biyu kafin ya iso.